A Duba Jini Kafin a Ɗaura Ruwa

Wani dare a tsakiyar hunturun bara, lokacin da hazo ya lulluɓe gari har fitilar mota ba ta haska nesa, aka shigo mana da wani dattijo sashen gaggawa, 'ya'yansa biyu suna tallafe da shi. Kwana uku ke nan yana zazzaɓi da tari, abinci ya fita daga ransa, in ya fara magana sai ya tsaya ya ja numfashi kafin ya ƙarasa. Likitan da ke bakin aiki ya duba shi, ya saurari ƙirjinsa, ya sa aka ba shi takunkumi, sannan ya rubuta takardar gwajin jini ya miƙa wa babban ɗan. Ɗan ya dubi takarda, ya dubi likita, ya ce: "Likita, magani muka kawo Baba a yi masa. Mutumin da ya kwana uku bai ci abinci ba, ina ya ga jinin da za a ɗiba? A ɗaura masa ruwa, a yi masa allura. Mu mun san maleriya ce da taifod." Aka yi bayani, aka yi lallashi, ya ƙi. Ya sa hannu a takardar fita, suka mayar da tsohon gida, suka kira mai kemis na unguwa ya ɗaura ruwan da suke so, ya bi shi da allurai safe da yamma.

Bayan kwana huɗu suka dawo, wannan karon a ɗauke. Iskar oksijin da ke jininsa ta sauka zuwa kashi 84 cikin ɗari. Sugansa ya yi tashin da ba wanda ya san da shi a gidan, ga shi ruwan da aka yi ta ɗaura masa mai suga ne. Ƙodarsa ta fara gazawa, allurar da aka yi ta yi masa kuwa tana cikin waɗanda ke wahalar da ƙoda. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. A bayansu kuma ga surukarsa rungume da jaririya 'yar wata biyu, wadda ake kwantarwa a ɗakin kakanta da rana, tana numfashi da sauri haƙarƙarinta na lotsawa. Dukansu biyu sun tashi, alhamdu lillahi, amma sai da tsohon ya kusa mako uku a kwance, kuma abin da iyalin suka kashe ya ninka kuɗin gwajin da suka ƙi sau da yawa.

Ban kawo wannan labari don in tozarta ɗan ba. Ƙaunar mahaifinsa ce ta sa shi, kuma abin da ya faɗa shi ake faɗa a gidajenmu da majalisunmu: wai gwaji dabara ce ta tatsar talaka, wai likitan ƙwarai da ido yake gane ciwo, wai duk zazzaɓi maleriya ce, in ta ƙi jin magani to taifod ce. Wannan magana nake so in yi wa raddi a makon nan. Matsayina shi ne, duk wanda zazzaɓi da tari ko sarƙewar numfashi suka kai shi har sashen gaggawa, gwajin jini na yau da kullum haƙƙinsa ne tun daga bakin ƙofa, kuma iyalin da suka hana a yi shi sun zaɓar wa majinyacinsu magani a cikin duhu. Zan kuma faɗi inda mu ma'aikatan lafiya muka buɗe ƙofar wannan zargi, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kama da wane ba wane ba ne

Ƙwayoyin da ke kawo ciwon numfashi ba dangi ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, halitta mai cin gashin kanta, tana da bango da kayan ciki, kuma waɗannan ne maganin antibayotik yake rushewa. Akwai bairos, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ya mayar da ita gidan ƙyanƙyasarsa. Ba shi da bangon da amoksisilin zai fasa. Saboda haka ko buhun kafso aka ɗura wa mai murar bairos, ba a yi wa ƙwayar ko ƙwarzane ba. Mura ta yau da kullum, da mura mai tsanani da ake kira infuluwenza, da korona, da ƙyanda, da wani bairos mai suna RSV da ke toshe ƙananan hanyoyin iska na jarirai, duk 'yan wannan dangi ne. Sai kuma maleriya, wadda tata ƙwayar daban ce, a cikin jini take zaune, amma takan sa yaro saurin numfashi har a zaci ciwon a huhu yake.

Matsalar ita ce duk da riga iri ɗaya suke shigowa: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kasala, ɗacin baki, tari. Wanda ya ce zai bambanta su da kallo kawai, ko farfesa ne, shaci-faɗi yake yi. Kuma shaci-faɗin namu ya karkata gefe guda, domin mun tashi mun tarar da maleriya ce amsar kowace tambaya.

An gwada wannan zato an ga ƙarshensa. A shekarar 2014 aka wallafa wani bincike da aka yi a Tanzaniya, ƙasar da ta san maleriya kamar yadda muka san ta, a kan yara 1,005 da aka kawo asibiti da zazzaɓi a Darussalam da Ifakara. Da aka bi kowane yaro da gwaje-gwaje masu zurfi, aka tarar kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke da maleriya, masu taifod ba su kai kashi 4 ba, amma fiye da kashi 60 ciwon hanyoyin numfashi ne ya kawo su, kuma kimanin kashi 70 na yaran bairos ne ke damunsu. A 2019 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike a ƙasashe bakwai, ciki har da Mali da Gambiya, a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar saboda nimoniya mai tsanani wadda hoton ƙirji ya tabbatar. Kimanin kashi 61 cikin ɗari bairos ne sanadi, RSV shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, bakteriya kuwa kimanin kashi 27. Tabbas maleriya a damina a ƙasar Hausa ta fi haka yawa. Amma wanda ya tashi a watan Janairu, ƙura na tashi, rabin gida na tari, ya rantse cewa ciwon Baba na sauro ne, to al'ada ce take magana a bakinsa, ba hujja ba.

Abin da ɗan jinin nan yake faɗa

Mu fara da tsoron da aka fi furtawa, wato a ƙarar da jinin mara lafiya. Baligi yana ɗauke da jini kimanin lita biyar. Abin da ake ɗiba don waɗannan gwaje-gwaje bai wuce ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ba, na jariri kuwa bai kai haka ba. Wanda haɓo ya taɓa zubo masa ya yi asarar abin da ya fi wannan, kuma ya tashi ya ci gaba da harkarsa.

Gwaji na farko shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda za ku ga an rubuta FBC a takarda. Yana ƙirga abu uku. Na ɗaya fararen ƙwayoyin jini, dakarun da ke tsaron jiki, waɗanda a lafiyayyen baligi sukan kasance tsakanin 4,000 da 11,000 a ma'aunin da ake amfani da shi. Su ma rukuni-rukuni ne. Rukunin da ake kira nutirofil su ke fita da yawa idan bakteriya ta kawo hari, don haka in aka ga jimilla ta haura sosai kuma nutirofil ne suka cika fili, zato yakan karkata ga bakteriya. Idan bairos ne, jimillar takan tsaya daidai ko ta ragu, kuma a infuluwenza da korona sau da yawa wani rukuni mai suna limfosait yakan faɗi ƙasa da 1,000. Na biyu jajayen ƙwayoyin jini, wato PCV da kowa ya sani, su ne masu dakon oksijin. Mai ciwon huhu da jininsa ya yi ƙasa yana cikin haɗari biyu. Na uku ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda sukan kama daga 150,000 zuwa 450,000. Faɗuwarsu takan sa likita ya waiwayi maleriya, ko zazzaɓin Lassa, ko dengi, maimakon ya tsaya a kan mura.

Gwaji na biyu na maleriya ne, ko na tsinke mai fitar da sakamako cikin minti ashirin, ko na madubin likita. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin maleriya sai an tabbatar da ita ta gwaji a duk inda hakan zai yiwu. Shekara goma sha da wannan umarni, har yanzu ana haɗiyar maganin kamar gyaɗa.

Na uku shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. A 2014 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba likitocinta ma'auni ga manya masu tari waɗanda ba a tabbatar da nimoniya a kansu ba: in CRP bai kai 20 ba, kada a ba da antibayotik; in ya haura 100, a bayar; in yana tsakani, a ɗan jinkirta a ga yadda jiki zai yi. A wurinmu dole a karanta shi tare da gwajin maleriya, domin ita ma tana ɗaga shi.

Sai gwajin suga da na ƙoda da gishirin jini. Waɗannan ba sa faɗin wace ƙwaya ce, amma suna faɗin irin jikin da ƙwayar ta tarar. Su ne da sun gaya wa 'ya'yan dattijon nan cewa ruwa mai suga da waccan allura ba nasa ba ne. A ƙarshe akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ba ta ko buƙatar jini. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama. Wanda ya sauka ƙasa da 90 yana buƙatar oksijin nan take. Yatsa mai sanyi da farce mai fenti suna ruɗa ta, kuma a kan baƙar fata takan nuna ɗan sama da gaskiya, saboda haka in ta ce lafiya lau alhali mutum yana haki, a gaskata hakin.

Me ya sa tun daga ƙofa?

Sashen gaggawa ba ɗakin mutum ɗaya ba ne. A kan benci guda za ka ga mai tari, kusa da shi mace mai juna biyu, kusa da ita yaro mai sikila, can ga tsohuwa mai ciwon zuciya. Idan mai tarin nan bairos yake fesawa, kowane awa da ya yi a tsakaninsu rabon ciwo yake yi. Tambayar farko da ke gaban ma'aikata ita ce wa za a keɓe, wa za a bari cikin jama'a, kuma amsar ba ta jiran gobe.

Gwajin da ke kiran sunan bairos kai-tsaye, wato PCR, shi ne alƙali, amma yana da tsada, ba kowane gari ke da na'urarsa ba, kuma sakamakonsa yakan ɗauki yini ko kwanaki. Mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin abin da wannan jinkiri ke nufi. A watan Afrilun 2020, makonni bayan an tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, masu haƙa kabari suka fara cewa aiki ya yi musu yawa, dattawa na ta rasuwa, a daidai lokacin da gwajin korona ya tsaya a jihar na wasu kwanaki. Kowa ya kawo nasa fassarar: wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce maleriya, wani ya ce hawan jini. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu ko ita ta tunzura ciwon. Bayani ne da ya zo bayan an gama zaman makoki.

Ko ƙasashe masu wadata sun ci karo da wannan jinkiri. Shi ya sa a ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Oksford ta Ingila suka wallafa wata hanya: sun koya wa kwamfuta ta karanta sakamakon gwaje-gwajen jini na yau da kullum tare da zafin jiki da bugun zuciya da numfashi, abubuwan da ake samu cikin awa guda da isowar majinyaci, ta ce wane da alama yana ɗauke da korona, wane da wuya. Ƙarfinta ya fi yawa wajen wanke waɗanda ba su da cutar, a sallame su daga keɓewa. Darasin da ke nan gare mu ba na kwamfuta ba ne. Su da suke da komai sun koma ga ƙidayar jini da CRP da gwajin ƙoda, waɗanda ake yi a manyan asibitocin Katsina da Sakkwato da Maraɗi, suka tarar akwai labari a cikinsu. Mu da sau da yawa ba mu da wani abu sai su, mu ne muke raina su.

Hujjojin masu ƙi

Hujja ta farko kuɗi, kuma ba zan yi mata dariya ba. Na sha ganin magidanci ya koma gefe yana ƙirga abin da ke aljihunsa, yana auna gwaji da magani, da kuɗin mota, da cefanen gobe. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Wanda ya ƙi gwaji ba ya komawa gida hannu rabbana. Yakan sayi maganin maleriya, da antibayotik kala biyu, da ledar ruwa uku, da allurai, ya biya mai ɗaurawa. In ciwon bairos ne mai sauƙi, duk wannan kuɗi ya bi ruwa, domin jiki ne ya warkar da kansa, kemis ya karɓi godiya. In kuwa mai tsanani ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hujja ta biyu ta masu ɗan ilimin abin ce. Sukan ce ai ƙidayar jini ba ta nuna bairos. Gaskiya ne, ba ta nunawa, kuma duk wanda ya ce muku ya ga infuluwenza a cikin FBC ya wuce gona da iri. Korona mai tsanani tana ɗaga CRP; tsoho mai nimoniyar bakteriya yana iya zuwa da fararen ƙwayoyi daidai; taifod ta gaske ma takan rage su. Gwajin nan rariya ce. Aikin rariya ta raba tsaki da gari, ba ta dafa tuwo. Likita zai haɗa abin da ta tace da labarin ciwon, da abin da kunnensa ya ji a ƙirji, da hoton ƙirji in da hali, da abin da ke yawo a gari a wannan mako, sannan ya yanke hukunci. Ba a jefar da fitila don ba ta kai hasken rana ba.

Hujja ta uku ita ce mafi haɗari: a ba shi antibayotik ɗin mana, in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Zai cutar. Yana kawo gudawa, yana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke hanji, wani yana taɓa ƙoda ko ji, wani yana tayar da borin jini da kan kai ga halaka. Babbar illarsa kuwa ba a ganinta ranar. Duk lokacin da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, ana horar da bakteriyar da ke jiki ta koyi jure masa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi da bakinsa a 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Kafson da aka ba Baba don murar bana, shi ne zai ƙi aiki ranar da jikarsa ta kamu da ciwon da ke buƙatarsa da gaske.

Kada kuma a juya maganata. Ban ce a hana antibayotik ba, ban kuma ce a zauna jiran takarda mutum yana mutuwa ba. Wanda ya iso a galabaice, jininsa ya faɗi, hankalinsa ya gushe, ana ɗibar jinin ne a fara magani nan take, in sakamako ya fito a gyara ko a tsayar. Jariri sabon haihuwa mai zazzaɓi ba a yi masa jinkiri. Mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022 da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi yake farawa kamar mura, alhali bakteriya ce mai kisa, tana buƙatar antibayotik da maganin dafinta cikin gaggawa. Haka sanƙarau. Sau da yawa ma bakteriya takan biyo bayan bairos ta tarar da huhu ya raunana. Wannan duk hujja ce ta a duba, domin gwajin da ke hana kafso ga wanda ba ya buƙata shi ne ke gaggauta shi ga mai buƙata. Kuma ba kowace mura ake kai wa ɗakin gwaji ba: mai yoyon hanci da atishawa, yana ci yana sha yana yawonsa, hutu da ruwa da farasitamol sun ishe shi.

Namu laifin

Ruwa ba ya tsami banza. Jama'a ba su ƙi gwaji haka kawai ba. Mun koya musu ƙinsa. Laifinmu na farko gwajin Widal. Wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi a 1896, kuma ba ƙwayar taifod yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. Wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar shekarun baya, ko aka yi masa rigakafinta, ko yake da maleriya, yana iya nuna alama alhali ba shi da taifod. Tabbatar da ita sai an reni ƙwayar daga jini. Amma mun mayar da Widal hatimi, kowa ya shiga ya fito da "maleriya da taifod", har jama'a suka haddace amsar. Wanda ya san amsa tun kafin a yi tambaya, don me zai biya kuɗin tambayar?

Na biyu, mukan rubuta gwaji mu rubuta magani a lokaci guda, sakamako ya fito ba wanda ya buɗe shi. Na uku, mukan cika takarda da gwaje-gwaje goma alhali uku ne za su canza hukunci. Na huɗu, sakamakon da ya kamata ya fito cikin awa guda yakan kwana saboda wuta ko rashin kayan aiki, gwajin gaggawa da ya kwana kuwa ihu ne bayan hari. Na biyar, mukan karanta lambobi kamar makaho da sanda. Da yawa daga mutanen Afirka ta Yamma nutirofil ɗinsu a halitta ya fi na Turawa ƙasa, lafiyarsu ƙalau, amma ma'aunin da aka buga a gefen takarda na wasu ne. Babban laifin kuwa shi ne shiru: a miƙa wa mutum takarda a ce "je ka biya" ba tare da kalma biyu na dalili ba. Da an zaunar da ɗan dattijon nan tun kafin ransa ya ɓaci, an ce masa, "Malam, muna so mu san ko ruwan da kake nema zai taimaki Baba ko zai cutar da shi," wataƙila da labarin ya canza. Masu riƙe da asibitoci su ma su ji: ƙidayar jini, da gwajin maleriya, da na suga, da na'urar yatsa, kamata ya yi a same su a sashen gaggawa dare da rana, a yi wa wanda ya galabaita kafin a tambaye shi rasit.

Abin da ya rage gare ku

Ku san lokacin da mura ta wuce ta gida. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cur yana kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 ko fiye daga wata biyu zuwa shekara, 40 ko fiye daga shekara ɗaya zuwa biyar, duk saurin numfashi ne. Haƙarƙari na lotsawa, kasa shan nono, jijjiga, barcin da ba a iya tayar da shi, leɓe ya sauya launi, sandarewar wuya, kumburin wuya tare da ciwon maƙogwaro, waɗannan ba sa jiran wayewar gari. Ga babba kuwa: haki yana zaune, ciwon ƙirji, ruɗewa, tari da jini, ko ya ji sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi. Tsofaffi, masu juna biyu, masu suga, asma, sikila da ciwon zuciya a kawo su da wuri, domin maganin infuluwenza ya fi aiki cikin awa 48 na farko. Tarin da ya wuce mako biyu a nemi gwajin tarin fuka. Kada a ba yaro mai mura asfirin.

In kun isa asibiti, ku faɗa tun a bakin ƙofa cewa majinyacinku yana tari da zazzaɓi, ku sa masa takunkumi, ku bar jarirai da tsofaffi a gida, mai jinya ɗaya ya isa. Ku faɗi duk abin da ya sha, na kemis da na gargajiya, ba tare da jin kunya ba, domin yana canza sakamako. In an miƙo takarda, ku yi tambaya cikin ladabi: Likita, wannan gwajin me zai nuna? In kuɗina bai kai duka ba, wanne ya fi muhimmanci? Yaushe zai fito? In ya fito kuma ku koma ku ce: me aka gani, kuma me ya canza a magani? Matambayi ba ya ɓata, kuma likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

In kuwa bayan an duba aka ce muku, "Da alama bairos ne, ba ya buƙatar antibayotik, ku je ya huta, ya sha ruwa, ku dawo in kun ga kaza da kaza," kada ku fita kuna cewa ba a yi masa komai ba, ku zarce kemis. An yi masa abin da ya fi allura wuya, an duba an gano abin da ba ya buƙata. Dattijon nan yana zuwa a duba masa suga duk wata, kuma babban ɗan ne ke kawo shi. Yanzu shi yake fara tambaya ko akwai gwajin da za a yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.